Yatsan Magini

Dillalin kayan tarihi yana shirin rufe shago da almuru, sai wani wari ya riga wani baƙo shigowa, irin na rijiyar da akuya ta mutu a ciki. Tsoho ne, rigarsa jiƙe sharkaf, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

"Baba, mun tashi," in ji dillalin, yana toshe hanci.

Tsohon ya wuce kai tsaye wurin kanta. Ya ɗauki mutum-mutumin yumɓu daga kan kanta, ya lashe shi tun daga ƙafa har ka, ya tofar.

"Wannan ba nawa ba ne."

Ya ɗauki na biyu ya lasa. Yawun baƙi ne, mai yauƙi. Dillalin ya san duk jabu ne, shi da kansa ya binne su cikin taki don su tsufa. Na gaske ɗaya ne tak, aikin shahararren maginin da ya mutu tun ba a haifi kakan dillalin ba. Gobe mai saye zai zo, kuma shaidar ita ce gurbin babban yatsan maginin a gindin mutum-mutumin.

"Kai, ƙazamin tsoho, kar ka taɓa wannan!"

Ina, ya riga ya ɗauka. Ya juya gindin, ya ɗora babban yatsansa a gurbin. Ya zauna cif.

"Ɗan nan," ya ce, muryarsa kamar daga cikin tulu, "ba shaida mai sayen naka yake so ba?"

Ya janye hannunsa. Yatsan bai biyo shi ba.