Fetur a Tankin Dizal

A zauren fita na filin jirgi wani dogon saurayi ya fara ganinta, tsaye tsakanin teburan kamfanonin hayar mota, ta rungume jakarta a ƙirji kamar wadda za a ƙwace wa. Ta je teburin babban kamfanin nan mai allon wuta, ta dawo. Ta leƙa na kusa da shi, ta sake dawowa. Can bayanta a kujerar jira wani dattijo ne zaune da sanda tsakanin ƙafafunsa, matarsa na yi masa fifita da tikitin jirgi.

Auta ake kiranta a gida. A ɗakin gwajin jini na asibiti take aiki, allura ba ta ɗaga mata hankali, amma sitiyari na ɗagawa. Tun ranar da wata babbar mota ta goge ta a shataletale, ba ta sake tuƙi ba sai tafin hannunta ya jiƙe. Ga shi likita ya ce Abba ya je wuri mai sanyi ya huta bayan aikin zuciyar da aka yi masa. Yayanta an hana shi hutu a wurin aiki, Umma kuma ba ta iya mota ba. Tuƙin ya faɗo kan Auta.

Teburin ƙarshe ƙarami ne, dogon saurayin nan na tsaye a bayansa, makullai rataye a allo saman kansa.

"Sannu da sauka, 'yar'uwa. Kin zaga kowa, mu ma a duba mu mana."

"Duk inda na je sai su yi ta zuba kamar rediyo," ta ce. "Ban gane komai ba."

"To ni ba zan zuba ba. Ke za ki yi tambaya."

"Idan na buga motar fa?"

Bai yi dariya ba. Ya yi mata bayani a hankali cewa inshora iri biyu ce. Ƙaramar tana biyo motar, amma gilashi da taya da ƙasan mota ba ruwanta da su. Babbar ta ɗauke duk wannan, kuma duk inda mota ta tsaya za a turo a ɗauko ta.

"Ina kuka nufa?"

"Can saman duwatsu."

"To ki ɗauki babbar. Hanyar akwai tsakuwa da kwana."

"Mai kuma fa?"

"Ko ki biya tanki ɗaya tun nan ki dawo da ita yadda ta kama, ko mu ba ki a cike ki dawo mana a cike. Hanyarku da nisa, dole ki tsaya gidan mai ko ta yaya, na biyun ya fi miki. Amma motar da Baba zai iya miƙe ƙafa a ciki dizal take sha. Dizal, kin ji? Kar ki ba ta fetur, ba sa jituwa."

Abba ya ɗaga sanda daga inda yake. "Auta! Injiniya fa babban kamfanin ya ce."

Injiniya ɗan aminin Abba ne, ya daɗe yana zuwa gidan da niyyar da kowa ya sani, Auta ce kawai take yi kamar ba ta sani ba.

"Abba, a can ko fuskata ba su kalla ba," ta ce a ladabce.

Saurayin da kansa ya ɗauki jakunkunan zuwa mota, ya gyara wa Abba kujera, ya tsaya har ta daidaita madubi. Da zai rufe mata ƙofa ya ce ta sa lambarsa a waya, ba ta ofis ba, tasa.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Direbar Baba, kun isa lafiya?"

"Mun isa, Mai Makulli. Hannuna har yanzu rawa yake."

"Hannun da ya hau da mota wannan dutsen? A yi masa sannu a madadina."

Ta yi murmushi ita kaɗai, Umma ta kalle ta ta gefen ido. Daga ranar saƙonnin ba su yanke ba. Yana tambayar lafiyar motar, tana cewa motar lafiya, sai ya ce ai ba motar yake tambaya ba.

Ranar da za su koma, tun safe Abba ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Ya sha magani ya ce a tafi. Sun ɗan yi nisa ta tsaya a wani ƙaramin gidan mai inda mutum ke zuba wa kansa. Tana tsaye a jikin famfo ta hango Abba ta gilashi, ya dafe ƙirji, gumi ya wanke masa fuska, Umma na kwance masa maɓallin riga.

Hannunta ne ya ɗauki bututun, idonta na kan Abba. Ta zuba, ta biya, ta faɗa mota.

"Akwai asibiti a garin da ke ƙasa, Umma. Yanzu za mu isa."

Ba su yi wata tafiya ba motar ta fara tari. Ta girgiza, ta yi wani ƙara kamar ana kaɗa ƙarafa a gwangwani, ta mutu. A tsakiyar kwana ta mutu, dutse a hagu, rami mai zurfi a dama, ga ruwan sama ya tsinke. Auta ta murɗa makulli, shiru. Ta sake murɗawa. Wata tirela ta fito daga bayan kwanar da hon, ta wuce su har motar ta jijjiga.

"Innalillahi! Auta, kira Injiniya!" in ji Umma.

Ya ɗauka da ƙyar, yana cikin taro. "Ai sai da na faɗa wa Abba kar a ɗauki motar ƙananan kamfanonin nan. Yanzu ina nan ina can, me zan yi? Ki kira su."

Ta danna ɗaya lambar, ta saurayin nan. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Direbar Ba..."

"Abbana zai mutu! Motar ta tsaya, muna kan kwana, manyan motoci na zuwa..."

"Saurare ni. Ja birkin hannu har ƙarshe. Kin ja? Danna jan maɓallin nan na tsakiya, fitilu su dinga walƙiya. Yanzu turo min inda kuke ta waya."

Ta tura. Ta ji shi yana magana ta wata wayar, yana kwatanta wa motar asibiti wurin. Sai ta ji faɗuwar makullai, da gudu, da wata murya a bayansa tana ihu, "Ina za ka ka bar tebur?"

"Sa ni a sifika," ya ce yana haki. "Mama, ki jingina shi a zaune, kar ya kwanta. Baba, kana ji na? Suna hanya. Auta, a but, bayan motar, akwai jan alama mai kusurwa uku. Ki kai ta bayan kwanar ki ajiye, ki bi jikin dutse, kar ki bi gefen ramin."

Ta fita cikin ruwan. Tana ajiye alamar wata motar ta taho, ta ji ƙarar birki har cikin haƙoranta, direban ya kauce da ƙyar. Ta dawo a guje ta jiƙe sharkaf.

"Me kika zuba a gidan man?" ya tambaya a hankali.

Nan ta tuna launin bututun. Ta dafe baki. "Fetur. Wayyo Allah, ni ce. Ni na kashe shi."

"Ba wanda kika kashe. Bar makullin, kar ki ƙara murɗawa. Riƙe hannun Abba ki yi masa magana."

Motar asibiti ta iso, aka ɗauki Abba. Mutum ɗaya kawai suke ɗauka tare da mara lafiya, Umma ta shiga. Auta ta tsaya a jikin dutse ita kaɗai, tana kallon fitilarsu har ta ɓace. Bai kashe wayar ba. Yana tuƙi yana faɗa mata inda ya kai, ita kuma ba abin da take iya cewa sai, "Idan na je na tarar ya..."

Da ya iso ya cire rigar samansa ya miƙa mata, ya kira masu janwe su zo su ja motar, ya buɗe mata ƙofar motar da ya zo da ita. Har suka isa asibiti kuka take. A bakin ɗakin gaggawa ta kasa shiga, ta tsaya riƙe da bango, sai da Umma ta fito ta ce, "Yana numfashi, Auta. Likita ya ce an kawo shi a kan lokaci."

Ta zame ta zauna a ƙasa.

Bayan sun koma gida, nisan gari bai rage komai ba.

"Sanyin idona, kin ci abinci?"

"Ka daina, Umma na kusa."

"To ki gaishe min da surukata."

Amma Abba ya murtuke fuska ranar da maganar soyayyarsu ta iso kunnensa. Injiniya ya riga ya zauna da shi ya ce ruɓaɓɓiyar mota aka ba su.

"Yaron da ya ba ki motar da ta kusa kai ni lahira? Shi za ki kawo min?"

"Abba, wallahi ni na zuba fetur a tankin dizal."

"Rufa masa asiri kike. Na san ki da hankali, ba za ki yi wannan ba."

Ya karɓi wayarta ya kira shi a gabanta. "Yaro, ka fita harkar 'yata. Na yi mata miji." Ta ji muryar daga can ta ce, "To, Baba. Allah ya ƙara lafiya."

Daga nan shiru. Ta tura saƙo.

"Mai Makulli, ko kalma ɗaya ce."

Ba amsa. Ta kira, waya a kashe. Tsoro iri biyu ya haɗe mata. Idan ta matsa wa Abba da magana zuciyarsa za ta iya tashi, idan ta yi shiru Injiniya na nan yana zarya da kayan dubiya. A wurin aiki ta fasa kwalbar gwaji, abin da ba ta taɓa yi ba. Wani lokacin ta ce ko hatsari ya yi, wani lokacin ta ce ko dama tausayinta kawai ya ji.

Da ta gaji ta kira teburin kamfanin. Abokin aikinsa ne ya ɗauka.

"Dogon nan? Ai an sallame shi tun ranar. Ya bar layin mutane a tsaye, ya ɗauki motar kamfani ba izini. Maigida ya ce ya dawo ko ya nemi wani aikin, ya ce to zai nema. Wayar ma ya sayar, yana wanke motoci a wani gareji yanzu."

Ashe duk saƙonnin barkwancin da ya yi ta turo mata bayan sun dawo, ba shi da aiki yake turo su. Ta kifa kai a cinyar Umma ta faɗa mata komai.

Umma ba mai yawan magana ba ce. Ta miƙe ta gyara mayafi ta shiga ɗakin Abba, Auta na laɓe a bakin ƙofa.

"Alhaji, kai a lokacin ba ka san inda kanka yake ba, ni ina wurin. Mutum biyu muka kira. Ɗaya ya tuna mana da shawarar da ya bayar, ɗaya ya bar abincinsa ya taho. Da kunnena na ji ana yi masa ihu ya dawo. Bututun kuma da idona na ga wanda ta ɗauka, ban san bambancinsu ba ne."

Auta ta tsorata kar zuciyarsa ta tashi, ta tura ƙofar. Abba na zaune lafiya, kansa a sunkuye.

"Ki nemo min yaron," ya ce.

Ta hannun abokin aikin aka same shi. Ya zo a rame, ya durƙusa nesa da kujerar Abba, ya kasa ɗaga ido.

"Me ya sa ba ka faɗa min an kore ka saboda ni ba?"

"Baba, da na faɗa sai ya zama kamar lada nake nema."

"Me ya sa ka ƙyale ta da na ce ka ƙyale ta?"

"Zuciyarka ba ta son hayaniya. Na ga gara tawa ta yi ciwo."

Abba ya yi gyaran murya, ya juya yana kallon taga. "Matso kusa, ɗana. Ka turo manyanka."

A tsakar gida Auta ta tare shi, idonta jawur. "Ka sake ɓace min haka, ka ga abin da zan yi maka."

"Na tuba, ranki ya daɗe. Ni ma ban ji daɗin duniyar ba."

Ba a daɗe ba wani kamfanin hayar mota a garinsu Auta ya ɗauke shi aiki, aka sa rana.

Safiyar ɗaurin aure Yaya ya roƙi Abba ya zauna a gida shi ya wakilce shi, don akwai cunkoso da tsayuwa. Abba ya ce ko a kujera za a ɗauke shi sai ya je. Auta na ɗaki cikin ƙawaye, kwalliya ta gama zama a fuskarta, amma duk ƙarar waya sai gabanta ya faɗi. Ta kasa cin komai. Can saƙo ya shigo.

"An ɗaura, matata. Abba na gefena, ya fi kowa ƙarfin murya."

Ba ta yarda ba sai da ta ji ƙwanƙwasar sandar Abba a bakin ƙofa. Ya shigo a hankali, angon na riƙe da gwiwar hannunsa. Ta faɗa jikin Abba tana kuka, ya dafa kanta da hannu ɗaya, ɗayan ya ɗora a kafaɗar angon.

"Ya isa haka, Auta, ga ni a tsaye. Allah ya yi muku albarka, ya sanya natsuwa a gidanku, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku yadda kuka ji ƙaina."

Umma ta share hawaye da bakin mayafi, ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin.