Motar da Doña Chayo ta Hau

Ranar da Nayeli ta fara shiga garejin Eleazar a garin Ojos Negros, madara ce ke ɗiga daga bayan a-kori-kurar babanta, ita kuwa ta cika ta yi fam. Sifirin baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, shi ne ya karye a hanyar gonarsu, rabin madarar cuku ta bi ƙasa. Eleazar ya fito daga ƙarƙashin wata mota, fuska duk baƙin mai. Yana ɗora ido a kanta sifana ta suɓuce masa, ta sauka a kan yatsan ƙafarsa. Ta so ta ci gaba da masifa, dariya ta ƙwace mata.

Gyaran wuni guda ne, amma bawan Allah ya yi ta ƙirƙiro dalilai, yau a ɗaure noti, gobe a duba shoka. Ta gane sarai, ta kuma ci gaba da zuwa.

"Madarata, kin isa lafiya? Hanyar nan taku ba ta da imani, ga zuciyata a cikin motar," ya rubuta mata.

"Baƙin Mai, wanke hannu kafin ka taɓa waya. Na isa. Ina kewarka."

Sai dai Eleazar yana da wata masoyiyar, wato motarsa da yake shiryawa don tseren hamada. Ya ɗaga ta sama kamar rumbu, ya sa mata manyan tayoyi da shoka masu tauri na tsalle. A cikinta ya zo neman aure, shi da kawunsa, da furanni da kwandon kayan marmari.

Doña Chayo, mahaifiyar Nayeli, tun da doki ya kayar da ita bayanta ya taɓu, ba ta sake barin gona ba, don gargadar hanya kan kwantar da ita. Jin haka Eleazar ya bugi ƙirji, ya ce shi zai kai ta coci ranar biki, ta zo ma ta gwada. Tsohuwa ta dogaro sandarta da murna. Ta ɗaga ƙafa, ba ta kai matakin ba. Ta sake, ina! Ta yi 'yar dariyar ɓoye kunya ta juya, Nayeli ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Don Anselmo, babanta, ya ce, "Yaro, motar mutum ɗaya ka gina. Wanda bai hango uwa ba, wata rana 'yar ma ba zai hango ta ba. Ku ɗauki furanninku."

Shi ke nan fa, sai Fabián, ɗan dillalin cuku, ya samu ƙofa. Kullum yana gona da sabuwar hula da zaƙin baki, Don Anselmo har kujera yake ja masa. Eleazar kuwa ya ɗauke ƙafa. Fabián ne ma ya kawo labarin an gan shi wurin 'yan tsere ana ta ciniki. Nayeli ta sha kuka, ta rubuta masa: "Tunda ka zaɓi tsere, Allah ya ba ka sa'a. Ni ce na yi wauta."

Amsa ta zo: "Madarata, cinikin sayarwa ne. Ki ce wa Mama ta ɗaura gyalenta ranar Lahadi."

Da safiyar Lahadi wata mota ta shigo, da ƙyar Nayeli ta gane ta. Motar Eleazar ce, ta sauko ƙasa, manyan tayoyin babu, shokan tseren ya sayar ya sa masu laushi, ya sake jera sifirin, ya kuma yi waldar ƙaramin mataki a ƙofar dama. Ya cire hula ya ce, "Doña, na yi kuskure. Ko za a sake gwadawa?"

Taku ɗaya ta hau. Don Anselmo ya shiga baya yana ƙunƙuni, Nayeli kusa da shi, hannunta a ƙirji duk ramin da suka tunkara. Motar ta riƙa haɗiye ramukan a hankali. Kafin su kai kwalta, Nayeli ta taɓa babanta ta nuna masa gaba. Doña Chayo ta jingina kai da gilashi tana barci.

Tsoho ya daɗe yana kallon matarsa. Ya share ido da bayan hannu, ya ce cikin raɗa, "Kada ka tsaya, ɗana, bar ta ta huta. Ka gaya wa kawunka ya dawo da furannin."

Ranar biki Doña Chayo na sahun gaba a coci. Ta dafa kan ango da amarya, ta ce Allah ya sassauta musu hanya yadda yaron nan ya sassauta mata tata, jama'a suka amsa da amin. Da aka fito, ango da amarya baya suka shiga, kawu ya ja motar, don kujerar gaba ta riga ta yi mai ita.