Yadda Ake Yaye Barewa

Sati biyar saurayina bai kira ni ba. Shi ya sa ranar Asabar na ce wa Umma mu je gidan adana namun hamada ta sha iska, alhali ni faɗa na je yi. A can yake aiki, shi ke rainon barewa. Makiyayi nake ce masa don tsokana, har sunan ya bi shi.

Na tura ta a keken guragu muka wuce akwatunan gilashi na kunamu da macizai, muka wuce wata jimina da aka cusa wa auduga, ta ƙura mana idon roba. Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Umma, kuma ni kaɗai ta haifa. Ni ke mata wanka, ni ke juya ta a gado.

A can baya aka kewaye bareyin da katangar katako, sai ta wata 'yar kafa ake leƙen su. Wata dattijuwar ma'aikaciya ta ce mu yi ƙasa da murya, waɗannan jibi za a kai su hamada a sake su. Ta ce kafin a saki barewa sai an yaye ta daga mutum. A fara daina yi mata magana, sannan a daina ba ta abinci da hannu, sai dai a ajiye mata a ɓoye. In ta matso, a tafa hannu a kore ta. Wadda ta saba da mutum, in ji ta, ita maharbi ke fara samu.

Nan na tuna yadda ya yi da ni. Hira ya fara rage min. Sai ya daina zuwa gida. Maganin Umma da yake kawowa kuwa bai taɓa yankewa ba, a wurin mai gadin gidanmu nake tarar da shi.

Sai ga shi da bokiti a hannu, duk ya rame. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya ƙi yarda mu haɗa ido.

"Ni ma yaye ni kake yi?" na tambaye shi.

"Abar ƙaunata..."

"Kar ka kira ni haka. Amsa nake so."

Ya ce shi aka zaɓa ya bi bareyin, ya zauna da su shekara uku a wani sansani da sai an yi tafiyar wuni guda a mota kafin a ga asibiti.

"Da na faɗa miki, cewa za ki yi za ki bi ni."

"Da na bi ka mana!"

"Umma fa?"

Na juya na kalli Umma. Na ji haushinsa, na kuma ji son sa kamar zai kashe ni.

Umma ce ta ɗaga hannunta mai lafiya ta riƙo rigarsa. Harshenta ya yi nauyi, amma mun ji ta sarai.

"Ɗana... tafi da ita... ni na gama nawa..."

Yawu ya zubo mata a gefen baki. Kafin in yi wani tunani, hannuna ya riga ya zaro hankici ya share mata. Ya gani, ni ma na gani. Babu wanda ya sake tayar da maganar.

"Zan jira ka," na ce.

"Abin da nake tsoro ke nan," ya ce.

Ya buɗe ƙofar katakon ya shiga. Ta 'yar kafar nan na ga wata ƙaramar barewa ta taho da gudu ta sa hanci a tafinsa. Ya daɗe a tsaye, hawaye na bin fuskarsa, sannan ya tafa hannu da ƙarfi. Ta zabura ta koma cikin 'yan uwanta.

Ni bai iya tafa min hannu ba. Da kaina na juya keken, na tura Umma muka nufi ƙofar fita, tana kuka ina kuka.