Ledar Madubin Tanimu

A wani gari can, an yi wani tela mai suna Tanimu. Ƙafarsa ta dama, mai taka keken ɗinki, ita ke ciyar da gidansu. Wata rana ya sayo sabon babur, madubansa naɗe da leda, ya bar su haka.

Tsohon bakaniken da ya koya masa tuƙi ya ce, "Ɗana, cire ledar nan ka riƙa ganin bayanka."

Ya ce, "Haba Baba, in na cire, wa zai san sabo ne?"

Yayarsa ma ta ce ya cire.

"Haba Yaya, wa zai san sabo ne?"

Ran kasuwa zai karya kwana, ya dubi madubi, bai ga komai ba sai ƙyallin leda. Ya karya abinsa. Ashe motar hatsi na biye da shi.

Ƙafar daman nan ce ta karye. Keken ɗinki ya yi shiru har Sallah ta wuce.

Da bakaniken ya zo dubiya, sai ya ajiye masa madubi ɗaya a bakin tabarma, yana cikin ledarsa, ko ƙwarzane babu.

Ya ce, "Shi kaɗai ya tsira. Sabo ne fil."