Koren Zakaran Don Fermin

"Kwanta! Fuska a ƙasa!"

Souley ne ya daka tsawar, bakin bindiga a ƙeyar direban. Ƙarfe sha ɗaya da rabi na safiyar Talata, a gangaren Highbridge da ke Bronx, a New York, inda titi ke lanƙwasa ya shige ƙarƙashin gada. Farar motar kaya ta tsaya a karkace, domin wata baƙar mota mai lambar aro ta sha gabanta. Usaini ne a sitiyarin baƙar, gumi na jiƙa ƙyallen da ya rufe fuskarsa.

Mashud ya ɓalle ƙofar baya. Shuɗɗan durom takwas, irin waɗanda 'yan Dominika ke cikawa da shinkafa da man girki su aika gida. Bai tsaya lalube ba. Na uku daga hagu — ya mirgino shi, ya watsar da buhun shinkafa da gwangwanayen wake a kan kwalta, ya zaro jakunkuna biyu.

"Chale, aboki, mu je!" in ji Mashud.

Taya ta yi ƙara. Usaini ya yanki kwana, ya haye gangara, ya nutse cikin cunkoson motoci. Minti biyu aka yi an gama. To, ka san abin da ke cin ransa a wannan gudun ceton rai? Ba 'yan sanda ba ne. Yadda Mashud ya yi tsalle ya faɗo mota ko hularsa ba ta goce ba, shi ne ya tsaya masa a wuya. Mutum ko a fashi sai ya fi kowa kyan gani.

Kuɗin na Don Fermin ne, wani dattijon ɗan Dominika mai shagon canji da aika kuɗi, ga kuma ofishin dillancin gidaje a bayansa. Shagon da ba ka ganin mutum goma a cikinsa a wuni, amma mai shi ya sayi bene huɗu a shekara uku. Kowa a unguwar ya san ba canji ne ke haifar da bene ba. Kuɗin ƙwaya ake kawo masa ya wanke, wani ya shige gidaje, wani ya bi durom ya tsallaka teku. Mashud, ɗan zangon Kumasi, shi ne mai kula da ɗaya daga cikin benayen, sufa kamar yadda ake ce musu, kuma a ƙarƙashin benen ake ɗure durom ɗin. Shi ya gani, shi ya tsara, shi ya kira Souley ɗan Maraɗi saboda bindiga, ya kira Usaini ɗan Kano saboda tuƙi. Hujjarsa mai sauƙi ce: ɓarawo ba ya kai ƙara.

Da la'asar suka haɗu a ɗakin Souley da ke Park Hill, aka yi kashi uku. Kafin kowa ya miƙa hannu, Mashud ya zaro takardar dala ɗari guda ya ɗaga ta saitin taga. A kusurwarta akwai ɗan tambari ƙarami kamar ƙwayar wake, hoton zakara, kore. Ya bayyana musu cewa 'yan canji kan buga hatiminsu a kan duk ɗarin da suka tantance. Wadda ke fita ta kan kantar Don Fermin jan zakara take ɗauka, ta cika gari, ba mai kulawa. Koren kuwa na durom ne kawai, alama ce ga mai karɓa a can ƙasarsu. Koren zakara bai taɓa yawo a New York ba.

"Wata shida," in ji Mashud. "Ba wanda zai taɓa ko ɗaya. Ina da mutum mai zuwa Lome, shi zai canza mana kaɗan-kaɗan. Wanda ya kashe guda a garin nan, ya kashe mu duka."

Souley ya ce dakor, wato ya yarda, ya rantse da kabarin babansa. Usaini ma ya rantse, amma a ransa cewa yake, ji shi, har ya zama liman yana mana huɗuba.

Ba tun yau abin ya faro ba. Akwai Damata, 'yar Damagaram mai kitso a wani shago da ke jikin na Don Fermin. Shekara biyu Usaini na kai ta aiki kyauta a tasinsa, yana saya mata shayi da burodi, bai taɓa iya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa ba. Ita kuwa in ta shiga motar sai "Ina kwana, Malam Usaini", ta sunkuyar da kai har su isa. Amma bari Mashud ya leƙa shagon da sunan gyaran famfo, sai ka ji dariyarta har bakin titi. Sau uku Usaini na hango su ta gilashi, kai a haɗe suna ƙus-ƙus, da ya shigo sai su yi tsit. Kishi ya ci shi har ya rame, ya daina jin daɗin tuwon da ake sayarwa a bayan masallaci.

A can shagon canji, Don Fermin bai ɗaga murya ba. Ya mari direbansa sau ɗaya, ya kira 'yan canjin da ya sani daga Bronx har Brooklyn, ya ce duk wanda ya ga koren zakara ya riƙe mai shi da hira. Abin da bai sani ba, motar masu gyaran bututu da ta yi wata takwas tana fakewa a tsallaken titi ba ta taɓa gyara bututun kowa ba. Jami'an tarayya ne a ciki, kunnensu a kan wayarsa da cikin shagonsa. Sun ji labarin fashin tun kafin shinkafar ta gama watsewa, suka yi shiru, domin kifin da suke jira ya fi 'yan fashi uku girma.

Sati biyar aka yi lafiya. Mashud na share matakala, Souley na wanke kwanuka a gidan abinci, Usaini na jan tasi. A sati na shida Adwoa, uwar ɗakin su Damata, ta yi bikin sunan ɗanta ranar Lahadi da rana, a wani zauren haya. Usaini ya sa farar shaddarsa. Har ya kai ƙofa ya dawo, ya jawo jakar kasonsa daga bayan firji, ya zari ɗari biyar. Ya ce wa kansa ɗumin aljihu ne kawai, ba kashewa zai yi ba. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya je biki da kuɗi don su sha iska ba.

Zaure ya cika, kiɗa na tashi, mata na juyi da ashobi ruwan goro. Da aka kira ƙawayen mai jego, Damata ta shigo fili tana rausaya. Sai ga Mashud ya taso da damin dala ɗai-ɗai na albashinsa, yana liƙa mata a goshi yana taka rawa. Maroƙiya ta kama makirufo ta shiga zuba masa kirari, sufa mai mukullin bene, namijin da ba ya tsoron aljihunsa. Damata ta yi dariyar nan. Mashud ya sunkuya ya raɗa mata wani abu, ta rufe baki da gefen mayafi, ta saci kallon inda Usaini ke zaune.

Wannan kallon ne ya ƙarasa shi. Ya ɗauka dariyarsa suke yi. Bai san sanda ya miƙe ba, sai ganinsa aka yi a tsakiyar fili. Ɗari — a goshi. Wata ɗarin. Wata. Guɗa ta ɓarke, maroƙiya ta saki Mashud kamar ba ta taɓa saninsa ba, ta koma kan ɗan Kano mai ruwan ɗari-ɗari. Biyar cif ya liƙa. Ya juyo ya dubi Mashud ido cikin ido, kuma gaskiya ya ji daɗi, daɗin da bai ji ba a shekara biyu.

Fuskar Mashud ta yi fari fat. Ya kutsa yana neman tsince takardun, amma Damata ta riga ta cusa su cikin jaka, mata sun kewaye ta. A bakin ƙofa ya damƙi hannun Usaini.

"Ka kashe mu, ɗan'uwa. Gobe da sassafe ka karɓo su, ka ba ta wasu."

"Zafin an fi ka ne," in ji Usaini, ya fizge hannunsa.

Ya so ya je da safen, amma girman kai ya hana shi. Namiji ya yi liƙi a gaban jama'a sannan ya koma karɓa? Ya ce bari sai azahar. Damata kuwa ƙarfe tara ta shiga shagon maƙwabcinta Don Fermin don ta aika wa mahaifiyarta rabonta. Yarinyar da ke aiki a kan kanta ta ɗaga takardar farko, ta duba kusurwa, ta yi murmushi ta ce injin ya ɗan tsaya, ta ce wa Damata ta shigo ciki ta zauna.

Sha biyu saura wayar Usaini ta yi ƙara. Lambar Damata ce, muryar ba tata ba. Don Fermin ya yi magana a hankali kamar mai cinikin gida. Ya ce yarinyar tana wurinsa, ta faɗi wanda ya liƙa mata, kuma shi ya san direban tasi bai isa ya san durom na uku ba. Suna ɗaya yake so. In ya samu, ta koma kitsonta da yatsunta goma. Can baya Usaini na jin shessheƙarta.

Gaba kura, baya sayaki. Daga baya ya sha gaya wa kansa cewa don ya ceci Damata ya yi. Haka ne. Amma shi kaɗai ya san sunan bai yi masa nauyi a baki ba, har wani sanyi ya ji a ƙirji lokacin da yake faɗa.

"Mashud. Sufanka."

Jami'an da ke motar bututu sun ji komai. Suka fito a guje, jiniya ta tashi ta ko'ina. Sun fasa shagon, sun sami Damata a ɗaure a kujera, sun sa wa Don Fermin ankwa. Amma benen na can titi shida gaba, kuma yaran dattijon sun riga su da minti huɗu. A ɗakin tukunyar ɗumama gini aka tarar da Mashud, tsintsiya a gefensa, harsashi biyu a ƙirji. An kama Souley a tashar jirgin ruwa da jaka a kafaɗa. Usaini kuwa bai gudu ba. A cikin tasinsa suka same shi, inji a kashe, hannu a sitiyari.

An binne Mashud a wata maƙabarta a New Jersey, mutanen zango suka yi karo-karon likkafani. Souley ya sami shekara goma sha biyar, in ya gama a mayar da shi gida. Usaini sha tara. Benaye huɗu da kuɗin jakunkunan nan biyu duk gwamnati ta kwashe.

Sau ɗaya Damata ta je ganinsa a kurkuku, kafin ta koma Damagaram. Ta zauna a bayan gilashi, ta ɗauki wayar da ake magana da fursuna, ba ta ce Malam Usaini ba. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya tambayi abin da ya hana shi barci: me Mashud ya raɗa mata a wurin rawa?

Ta dube shi ta ce:

"Abin da ya saba faɗa mini kullum in ya zo shago. Wani ɗan Yamai ya aiko neman aurena, na ce zan karɓa tunda kai ka ƙi magana. Mashud ya hana ni. Ya ce abokinsa kunya ce ta yi masa yawa, in ƙara haƙuri wata shida, da kansa zai rako ka wurin kawuna." Ta gyara mayafinta. "Ranar nan cewa ya yi, dubi angonki can, ya sha shadda ya kasa tashi."

Ta ajiye wayar ta fita. Usaini ya ci gaba da riƙe tasa a kunne, har mai gadi ya zo ya zare ta daga hannunsa.