Kofi Mai Jan Zare

"Ki ci ko loma ɗaya ce, Shiuli," in ji mahaifiyarta, wadda suke kira Amma.

"Na ƙoshi, Amma."

"Da me kika ƙoshi? Da iska?"

Shiuli ta sunkuyar da kai. Shinkafa da miyar kifi na gabanta, a farantin da aka ware mata tun ranar da Bhabi, matar yayanta, ta hau saman bene shanya ta tarar da ita kwance a kafaɗar Jharna 'yar maƙwabta, ana ta "raina, raina". Kafin la'asar duk layinsu na tsohon birnin Dhaka ya ji, har mai tallan kifi sai da ya ƙara nasa gishirin.

Ba a doke ta ba. Bhabi dai ta ɗaura wa kofin Shiuli jan zare, kada yara su yi kuskuren sha da shi.

Daga nan abinci ya daina wuce mata. Gani take jikin da ya jawo mata magana gara ya ragu, ya daina tsone wa mutane ido. In ta ci don idon Amma, banɗaki take shiga ta amayar, ta saki famfo kada a ji. Matan layi kuwa har yabo suke: "Ta yi shar da ita, yanzu miji zai samu." Alhali awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa.

Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a kan sallaya, Jharna ta kasa haƙuri. Ta buga ƙofa.

"Ke ce? Ba ki da kunya?" in ji Bhabi.

"Na baro ta a gida, Bhabi. Matsa."

Sai ga Amma ta tare hanya, idonta jajur. Jharna ta kira ta yadda ta saba, Khala, wato inna.

"Khala, ki zage ni, ki tsine mini... amma ki bari ta ci. In ta ci zan tafi."

Amma ta daɗe tana kallon ɗiyarta a kan gado, kamar an shimfiɗa zani babu kowa a ciki. Sai ta kauce.

Jharna ta cuɗa shinkafa da miya da yatsunta, ta kai bakin Shiuli.

"Ba zan iya ba... ƙazama ce ni, Jharna."

"To mu biyu ne. Buɗe bakin, raina, hannuna ya gaji."

Ta karɓa tana kuka. Ta jima tana juya lomar kafin ta haɗiye da ƙyar. Ta biyu ta gagara.

Jharna ta wanke hannu, ta miƙe za ta cika alkawari. Amma na tsaye ta ba su baya, tana murza bakin gyalenta.

"Ban yafe ba," ta ce wa bango. "Ban kuma yarda ba."

"Na sani, Khala."

"Gobe ki zo lokacin abincin rana... ta ƙofar baya."