Ta Wajen Kunnen Dama

Ta yi ta ƙwala masa kira bai waiwayo ba. Sai da ta bi shi da gudu a gefen katangar bakin teku ta birnin Cienfuegos, ta fizge iyafis ɗin da ke kunnensa, sannan Osniel ya tsaya yana haki.

"Malam, tawul ɗinka ya faɗi tun can baya. Kai in kana jin kiɗa ko gari zai ƙone ba ruwanka?"

Ya zuba wa leɓɓanta ido, ta ɗauka kunya ce ta hana shi kallon idonta, har abin ya burge ta. Sunanta Dailenys, ma'aikaciyar ɗakin magani ce, ita ma ta fito motsa jini kafin rana ta yi zafi.

Abin da ba ta sani ba shi ne Osniel ɗan dambe ne, kuma wani naushi da ya sha bara ya kashe masa kunnen hagu, na daman ma yana bin sahu. Bai faɗa wa kowa ba, don ranar da likitan ƙungiya ya gane, ranar damben ya ƙare. 'Yar na'urar kiɗan da ke maƙale a ƙugunsa ita ke rufa masa asiri. Duk wanda ya yi masa magana bai amsa ba, sai a ɗora wa kiɗa laifi. A cikin waƙar ma dukan ganga kaɗai yake ji.

Tun daga ranar suka koma gudu tare. Iyafis ɗaya a kunnensa na dama, ɗaya a nata na hagu, igiyar gajeriya ce, dole ƙafa ta bi ƙafa. Ba sa magana sai sun tsaya shan kofi, nan ma ita ke zuba, shi yana murmushi yana tsintar abin da ya samu. Bakinsa a saƙon waya yake.

"Tauraruwata, yau kin taka min ƙafa, amma na yafe. Gobe ki taka ɗayar don kada ta yi kishi."

"Sarkin shiru, ashe kana da baki? Ka ajiye min rabin waƙata."

Matsalar ta fara ne ranar da ya je gidansu. Mahaifinta, tsoho Evelio, mai busa ƙaho ne da ya yi ritaya, kuma idan yana magana kamar mai raɗa. Daga bayan kujera, ta hagu, ya tambayi Osniel ko ɗan gidan wane ne. Osniel ya ci gaba da cin shinkafa da baƙin wake hankali kwance. Tsohon ya maimaita, aka sake yin shiru.

"A gidana, a kan teburina, yaro ya mai da ni iska?" Evelio ya ce da 'yarsa bayan baƙon ya tafi. "Ga Reinier nan, yana da ladabi, takardunsa na Spain sun fito, ya ce da ke zai tafi. Me za ki ci a jikin mai dukan mutane?"

"Baba, ba halinsa ba ne."

"To ya zo ranar Lahadi ya ba ni haƙuri, ya nemi aurenki da bakinsa. In bai zo ba, kada na ƙara jin sunansa."

A garin ba kowa ke iya sauke waƙa da kansa ba. Na'ura ake kai wa masu loda waƙoƙin mako su cika ta. Dailenys ta karɓi ta Osniel ta ce za ta sa a zuba masa sababbi. Ta ga maganar aure ta fi ƙarfin saƙon waya, sai ta ɗauki muryarta a hankali, cikin kunya, tana roƙonsa ya zo ranar Lahadi ya nemi aurenta, ta sa mai lodin ya saka ta a tsakiyar waƙoƙin.

"Ka saurari komai, kada ka tsallake ko ɗaya," ta rubuto masa. "Ba zan fito gudu ba sai na ga amsarka."

Ya saurara. Ganga ta buga ta ƙare, sai shiru ya biyo baya. Ya ɗauka waƙar ce ta lalace, ya danna gaba.

"Sun yi daɗi, sai ɗaya da ba ta da amfani, na wuce ta," ya amsa mata.

Ba ta sake rubuto komai ba. Lahadi ta zo ta wuce yana ɗakin atisaye yana dukan buhu. A makon ne kuma likita ya tsaya a bayansa ya kira sunansa, bai juyo ba. Aka karɓe safar dambensa, aka gaya masa kunnen daman ma da wuya ya kai baɗi. Yana fitowa ya hango Dailenys a gaban motar Reinier. Ya ce a ransa gara haka, wace ce za ta zauna da kurma a garin da ko tallar burodi da waƙa ake yi?

"Na gan ki. Allah ya ba ku zaman lafiya. Ki bar min gefen tekun kawai," ya rubuta mata.

Washegari ya tarar da ita a kan katangar, idanunta sun kumbura.

"Na cire kunya na roƙe ka ka aure ni, ka ce ba ni da amfani, kuma kai ne mai fushi?"

"Yaushe kika roƙe ni?"

Ta fizge na'urar, ta lalubo wurin, ta cusa masa iyafis ɗaya ta sa ɗaya. Tana jin muryarta tana cewa tana sonsa, shi kuwa yana tsaye yana jiran a fara.

"Kin gani? Babu komai a ciki," ya ce.

Ta daɗe tana kallonsa. Tawul ɗin nan ya faɗo mata a rai, da teburin babanta, da yadda kullum yake ajiye ta a damansa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin na san ki. Dambe ya ƙare, Dailenys. Nan da baɗi ko ihu kika yi ba zan ji ba. Ki bi Reinier."

Ta kama kansa da hannu biyu, ta kafa bakinta a kunnen daman, ta maimaita saƙon da ƙarfin da ya sa masunta suka waiwayo. Wannan karon ya ji, kuma ya yi kuka.

Evelio bai sauko da sauƙi ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa da ƙaho ba ya son suruki kurma, ya kuma faɗa ba ɓoyo. Amma ya ce girman kai ne ba zai iya yafewa ba, ciwo kuwa ba laifin kowa ba ne. Ranar ɗaurin aure ya zagayo ta dama, ya ɗaga muryar da ba a taɓa jin sa da ita ba.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana! Ka riƙe min ita!"

Aka zaga gari da su a buɗaɗɗiyar mota, ana ta danna hon kamar yadda aka saba. Osniel ba ya jin hon ɗin sosai, ba shi da aiki, kuma maganar likita tana nan ba ta canja ba. Amarya ta matso kunnensa tana mitar takalmin ya matse ta, kek ɗin ma ya karkace, sai ta ankara ta yi shiru.

"Yi haƙuri, masoyi, ranar aurenmu ina cika ka da surutu."

Ya ƙara matso da kunnen bakinta.

"Ci gaba," ya ce. "Ko maganar takalmin ce. Tarawa nake yi."